Gwiwar Koci

Wata biyar ke nan da aka sallamo ni daga asibiti, amma har yanzu ba na iya bi ta layin 'yan hatsi a Kasuwar Muda Lawal. In Inna ta aike ni sayen shinkafar masa, sai in zagaya ta bakin titi ina jan ƙafata, don kada in ga ƙaramar ƙofar nan mai shuɗin fenti da ke bayan buhuna. Inna ta ce in bar maganar tunda Allah ya bar mini ƙafata. Ni kuwa in ban faɗa ba, abin ba zai bar ni in huta ba.

A Yelwa na taso. Inna tana suyar masa a bakin layinmu, yawancin masu saye ɗaliban jami'a ne. Baba kuma mai gadi ne a wani gida a GRA, sau ɗaya a mako yake zuwa mana. Ina aji huɗu na sakandare, ranar wasannin makaranta, aka haɗa mu 'yan mata muka buga ƙwallo don a yi dariya. An kuwa yi dariyar. Amma da aka tashi, wata doguwar mata baƙa, mai askakken kai, ta tare ni a bakin fili ta ce wa ya koya mini gudu da ƙwallo a ƙafa. Na ce ba kowa. Ta ce to gobe da la'asar in same ta a filin bayan firamare. Tana tafiya na lura tana ɗingishi da ƙafar hagu.

Ita ce Koci. Haka kowa yake kiranta, har iyayenmu. Usur a wuyanta tare da ɗan ƙaramin gicciye, da baƙin dogon wando na atisaye wanda ba ta rabuwa da shi ko a zafin bazara, lokacin da mu muke jin kamar mu cire fata. Mutuniyar Bogoro ce, Hausarta irin ta mutanen kudancin jiha, in ta fusata sai ta koma ce mana kai maimakon ke. Ba ta kiran kowa da suna, sai da lambar riga. Ni Bakwai ce.

Labarinta mun haddace shi tun kafin mu iya bugun kusurwa. Tana yarinya tana buga ƙwallo ba takalmi bayan an tashi daga coci, mahaifinta yana dukanta, washegari ta koma. Ta zo Bauchi karatu, ƙungiyar jiha ta ɗauke ta, ta zama kyaftin. Daga nan ta tafi kudu ta yi wa manyan kulob wasa. Sau ɗaya aka kira ta sansanin 'yan wasan ƙasa, akwai hoton a ɗakinta, tana tsugune a layin gaba tana dariya da haƙora duka a waje. Sai gwiwa ta tsayar da ita. Abin da aka faɗa mana shi ne wata 'yar wasan baya ce ta taka ta da mugunta. Ta dawo gida, ta samu aikin koyar da motsa jiki a wata firamare, da yamma kuma ta tara mu. Ita ke wanke rigunan wasa, ita ke ɗinke raga in ta yage, ita ke bi gida gida tana roƙon iyaye.

Na tuna ranar da ta zo gidanmu. Ta jira har ranar da Baba yake gida. Ta durƙusa a gabansa, ta miƙe ƙafar hagun gefe guda don ba ta lanƙwasuwa, ta daɗe tana magana. Baba ya ce shi 'yarsa ba za ta fita da cinya a waje ba, ta ce za a sa mini dogon wando a ƙarƙashin gajeren, da ɗankwali mai kama kai. Ya ce in na ji ciwo fa.

Ta ce, "Baba, amana ce a hannuna. Yadda na ɗauke ta, haka zan dawo maka da ita."

Shekara biyar na yi a hannunta, har na gama sakandare na ci gaba. Dole in faɗi gaskiya, na ƙaunaci matar nan. Ita ta fara saya mini takalmin ƙwallo na gwanjo, ta cusa auduga a gaba don ya yi mini yawa. Ita ta taɓa bin wani ɗan acaɓa da dutse don ya tsaya bakin fili yana faɗa mana maganar banza. Mun so ta har muna kwaikwayon tafiyarta ba mu sani ba. Wata rana Inna ta ga ina shigowa ta ce me ya sami ƙafata, na ce ba komai, ta ce to me ya sa nake tafiya kamar Malamarmu. Muka yi dariya. Yanzu in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in tofar da yawu.

Akwai doka ɗaya a ƙungiyarmu wadda ba a rubuta ba: ba a cewa ciwo. In kin faɗi, ki tashi. In kin riƙe ƙafa, Koci za ta kalle ki sau ɗaya, sai ki yi wata guda a benci. Takan ce masu zaɓen 'yan wasa ba ƙwallo suke fara kallo ba, wadda ta dafa gwiwa suke nema don su soke lambarta. Akwai kuma abin da muke kira gaida Dokta. In babban wasa ya zo, wata tana da targaɗe ko kumburi, da safe sai Koci ta ɗauke ta a keke mai ƙafa uku. Da yamma sai ki gan ta a fili tana tsalle, safa a ja har sama. Sai a ce ta je gaida Dokta. Mun san allura ce. Ni dai na ɗauka irin ta ƙarin ƙarfi ce, kuma ina ganin wadda aka kai ai mai daraja ce, don ba a kai 'yar benci. Wasu daga cikin waɗanda aka kai sun daina zuwa bayan 'yan watanni. Aka ce wannan ta yi aure, waccan ta koma ƙauye. Ban taɓa bin ko ɗaya gida na duba ba.

Bana muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofi ta 'yan mata. Saura kaɗan a tashi, na juya da ƙwallo, takalmina ya maƙale a ƙasa, jikina ya tafi, ƙafar dama ta tsaya. Na ji ƙas a cikin gwiwa, kamar an karya kara. Na tashi kamar yadda aka koya mana, na ƙarasa wasan ina cije leɓe. Kafin in isa gida gwiwar ta kumbura kamar gwanda. Wasan ƙarshe ranar Asabar ne, saura kwana uku. Kuma ranar ce wani mutum zai zo daga wani babban kulob na kudu ya zaɓi 'yan wasa biyu. Koci ta san shi tun tana wasa, ta yi watanni tana kiransa a waya tana faɗa masa lambata. Wannan ita ce hanyar da na daɗe ina jira, ba ni da wata.

Na ɓoye wa Inna, na ce bugewa ce kawai. Ranar Asabar da hantsi Koci ta zo da keke, ta gaishe da Inna, ta ce za mu je karɓo sababbin riguna. Ina tsaye ta yi ƙaryar nan, na kuma gyaɗa kai.

Muka sauka a bakin kasuwa, ta riƙe ni muka ratsa layin 'yan hatsi har shuɗiyar ƙofar. Kemis ne ƙarami, gaba kantar magani, baya wani lungu da aka raba da labule. Doktan wani mutum ne mai tumbi, mun same shi yana cin ƙosai da yaji a takarda. Ban ga wata shaidar karatu a bango ba, sai kalandar bara. Yana ganin Koci ya washe baki ya kira ta Kyaftin, ya ce kwana biyu ta yi masa rowar 'ya'yanta. Ta ce 'ya'yanta ƙarfe ne, ba kullum suke lalacewa ba. Ya ce ko ƙarfe ai yana zuwa wajen mai walda. Suka yi dariya irin ta mutanen da suka daɗe da sanin juna.

Ya goge hannunsa a gaban rigarsa. Wallahi iyakar wankin hannun da ya yi ke nan. Aka kwantar da ni a benci, leda a kai tana manne wa fata. Ƙudaje suna tashi daga wani bokiti a ƙarƙashin bencin, ban leƙa ba, amma na ji warinsa. Ya buɗe gwangwanin madara mai ruwa a ciki, ya tsamo sirinji da doguwar allura, ya yarfe. Ya fasa ledar ruwa da haƙori, ya jiƙa auduga, ya shafa mini a gwiwa sau ɗaya. Na ga man ƙosai yana ƙyalli a babban yatsansa lokacin da yake danna wurin yana neman inda zai soka.

Na kalli Koci. Na yi sakandare, an koya mana allura ba a maimaita ta, na san wannan sarai. Ina jira ta ce wani abu. Sai ta cire usur ɗinta daga wuya ta sa mini a baki ta ce in cije, ta danne kafaɗuna da hannu biyu.

Ya soka. Ya janyo wani ruwa rawaya mai jini-jini har sirinjin ya cika, ya tsiyaye a bokitin, ya sake. Sannan ya fasa 'yan kwalabe biyu ya haɗa, ya mayar ta ramin nan. Usur ɗin yana ta ƙara a bakina kaɗan-kaɗan da numfashina, Doktan ya ce tun yanzu na fara alƙalanci. Ya jefa sirinjin cikin gwangwanin, ya koma kan ƙosansa.

Kafin mu fita kasuwa gwiwar ta ɓace. Ba wai ta warke ba, ba na jin ta ne gaba ɗaya, kamar an ara mini ƙafar wani. A cikin keke Koci ta naɗe ta da bandeji, ta ja wandon ƙasa ya rufe, ta ja safa a kai. Ta koya mini abin da zan yi: kada in taɓa wurin, kada in kalle shi, in na faɗi in tashi kafin alƙalin wasa ya waiwayo. Tana faɗa tana gyara mini ɗankwali, a hankali, kamar uwa.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗin wasan ba. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Na ba da ƙwallon farko, na ci na biyu da wannan ƙafar da ba na ji. Muka ɗauki kofi. Manyan kwamiti suka fito daga motocinsu suka tsaya a gabanmu aka yi hoto, Koci can gefe. Mutumin kudu ya kira ni, ya juya ni ya kalli bayan rigata, ya rubuta bakwai a ɗan littafinsa, ya ce nan da mako biyu in zo gwaji. Koci ta juya baya tana share fuska da hannun riga. Ranar na fara ganin hawayenta.

Kafin magariba ƙafar ta dawo, ta dawo da duk abin da na yi mata. Lahadi wurin ya yi zafi kamar kaskon Inna. Litinin zazzaɓi ya rufe ni. Talata fatar ta yi ja tana sheƙi, ta miƙe kamar za ta fashe, ramin allurar ya fara tsattsafo da wani ruwa mai kauri. Sai wari. Wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar nama da aka manta a leda. Inna tana gasa mini da ruwan zafi tana cewa mu tafi asibiti, ina cewa a'a. Koci ta riga ta faɗa mini a waya cewa in na je asibiti filasta za su ɗaura, su ce wata uku, shi ke nan gwaji ya wuce. Ta ce in daure, za ta zo da magani.

Laraba da safe ta zo. Ina kwance a tabarma a tsakar gida, Inna tana bakin kasko a waje, sai ga Koci ta yi sallama, Doktan yana biye da ita da baƙar jaka. Inna ta bar masa a wuta ta biyo su. Ta tambayi wane ne wannan. Koci ta ce likitan ƙungiya ne. Shi kuwa ya tsuguna ya ɗaga zanina ba ko izini, ya danna gwiwar, na yi ƙara. Ya ce ruwa ne ya sake taruwa, a zuƙe a sake cikawa, zuwa jibi zan yi tsalle. Da ya ce a sake, sai Inna ta gane.

Ta ce, "Malama, ba riguna kika ce za ku karɓo ba?"

Koci ba ta ji kunya ba. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ta zauna a kan turmi ta shiga yi wa Inna bayani a natse, tana ce mata Mama. Ta ce kowace 'yar wasa da ta kai wani wuri ta bi ta nan. Ta ce likitocin asibiti ba su san ƙwallo ba, su dai a kwanta. Ta ce irin wannan dama sau ɗaya take zuwa wa yarinya daga Yelwa, in ta wuce sai dai in gaji kaskon masa. Inna ta ce kaskon masa bai taɓa ruɓar wa kowa da ƙafa ba. Sai Koci ta ce bari ta nuna mana wani abu.

Ta sunkuya ta fara naɗe ƙafar wandonta ta hagu. Shekara biyar ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin wandon nan ba. Ta naɗe har cinya.

Ban san yadda zan kira abin da na gani gwiwa ba. Wani dunƙule ne a karkace, ya fi cinyar kauri, don cinyar ta tsotse ta zama kamar sanda. Fatar baƙa ƙirin a wani wuri, fari-fari a wani, duk ramuka ƙanana kamar an yi ta caka ƙusa a katako. A gefe akwai wani tsumma da aka ɗaure, ya yi rawaya, ya manne. Ta kwance shi. Ƙarƙashinsa wani rami ne da bai rufe ba, bakinsa a jiƙe.

Sai warin ya iso ni. Na san shi. Shekara biyar ina jin sa a jikin Koci in ta rungume ni bayan na ci ƙwallo, in muna zaune a keke, in ta sunkuyo tana ɗaure mini takalmi. Na ɗauka man zafi ne da gumi. Har so nake in ji shi, don warin Koci ne. Shi ne kuma yake fita daga ƙafata tun jiya.

Ta sa yatsa tana nuna ramukan ɗaya bayan ɗaya, muryarta ta canza, ta yi taushi kamar mai nuna hotunan biki. Wannan na wasan ƙarshe ne na jiha, ta ci biyu. Waɗannan a kudu aka yi mata, kakar wasa guda cur ba ta zauna a benci ba. Wannan na safiyar da za ta shiga sansanin ƙasa ne, ranar da aka ɗauki hoton nan na ɗakinta. Babu wata 'yar baya da ta taka ta. Ta ce daga baya an kwantar da ita a asibiti, likitoci suka ce sai an yanke, ta sa hannu a takarda ta fice. Doktan ya gyaɗa kai ya ce maigidansa ne ya fara yi mata, shi a lokacin yana koyon aiki.

Ta ce, "Kin gani, Bakwai? Ga ni ina tafiya da ƙafata. Da wannan na kai inda na kai."

Alfahari take yi. Ba gargaɗi take mini ba, tabbaci take ba ni. Ta san abin da ke cikin gwangwanin madarar nan fiye da kowa a duniya, tana ɗaure shi da tsumma kowace safiya kafin ta fito, kuma ta ɗauke ni a keke ta kai ni, ta danne kafaɗuna. Na juya gefe na yi amai a kan tabarma, ba komai a cikina sai ruwan koko, na ci gaba da yunƙuri bayan ya ƙare.

Da na ɗago, Doktan ya riga ya zuge jakarsa. Koci tana kallona, Inna tana kallona. Na fahimci ni ake jira. Kuma ko a lokacin, Allah ya gani, akwai wani ɓangare na zuciyata da yake lissafin mako biyu, yake ganin lambata a littafin mutumin nan. Wannan ma yana cikin abin da nake ƙyama in na tuna.

Na ce, "Inna, ki kai ni asibiti."

Koci ta ce, "In kin tafi, mutumin nan ba zai jira ki ba."

Na ce na sani.

Inna ta kalli Doktan ta ce ya rufe jakarsa ya fitar mata daga gida kafin ta ɗauko man da ke kan wuta. Ya fita yana cewa mutane ba su san taimako ba. Keken da ya kawo su yana nan a ƙofar gida yana jira, shi muka shiga. Maƙwabciyarmu ta kama ni ta gefe ɗaya, Inna ta ɗaya. Muna fita na ji ƙaurin masar da ta ƙone a kasko. Koci tana zaune a kan turmi, tana mayar da tsummanta.

A asibiti likitan yana buɗe zanin ya kira nas. Ya tambaye ni wa ya sa mini allura a nan, na ce faɗuwa na yi. Ya ce faɗuwa ba ta huda rami. A ranar aka shiga da ni tiyata, aka buɗe gwiwar aka wanke. Inna ta ce an nuna mata abin da aka kwaso a kwano, ta ƙi faɗa mini yawansa. Daga baya likitan ya ce da mun ƙara kwana biyu, da cutar ta shiga jini, kuma da ba maganar ƙwallo za a yi ba, maganar ko a yanke ko a rasa ni za a yi. Ya ce jijiyar da ta tsinke tun ranar faɗuwa, da an zo da wuri ana iya gyara ta. Gudun da na yi a kanta ba na ji, da abin da aka cusa mata, su suka cinye gaɓar.

Na yi mako uku a kwance, ana ƙara mini ruwa, ana sake wanke wurin. Duk lokacin da nas ta nufo ni da allura, ko sabuwa ce a ledarta ina gani, sai in kau da kai in ƙanƙame ƙarfen gado. Baba ya roƙi hutu daga wajen aiki, yana zama a kujera kusa da ni da carbinsa, ba ya yi mini faɗa. Da ma ya yi.

Sau ɗaya Koci ta zo. Ta kawo lemo a leda da lambar yabon da aka ba mu ranar kofi, wadda na bari a jakar kayan wasa. Ta tsaya daga ƙafar gado ta gaishe da Baba.

Baba ya ce, "Malama, ba haka na ba ki ita ba."

Ta ce ƙaddara ce, Baba. Ta juyo gare ni ta ce mutumin kudu ya ɗauki Tara a madadina. Ta faɗe shi tana kallon ƙafata da ke cikin bandeji, da wata irin fuska wadda na sani daga filin atisaye, fuskar da take yi wa wadda ta zubar da fenariti. Ta ce da na daure kwana goma kawai. A ganinta ni na ba ta kunya. Da ta tafi na ce wa Inna ta ba wa masu jinyar gadon kusa lemon, ba na iya ci.

Yanzu gwiwar rabi take lanƙwasuwa. A kan kujera nake sallah. Ina taimaka wa Inna juya masa a zaune, ɗaliban da suka san ni suna tambaya yaushe zan koma fili, ina cewa sai Allah ya yi. Filin ba shi da nisa da layinmu, da la'asar in iska ta juyo nakan ji usur ɗinta. Akwai shaidar haƙorana a jikin usur ɗin nan.

Makon da ya wuce mai tsaron ragarmu ta zo duba ni. Ta girme wa sauran sababbin, amma ni yaya take ce mini. Tana zaune tana ɓoye ƙafar dama a bayan ta hagu, na ce ta miƙo. Idon sawun ya kumbura. Ta ce suna da wasa, Koci ta ce za su je gaida Dokta. Tana faɗa tana ɗan murmushi, don an ɗauke ta da daraja.

Na kama bakin zanina na fara ɗagawa. Ina cikin ɗagawa na ga hannuna yana yin daidai yadda na Koci ya yi a kan turmi, har na kusa saki. Ban saki ba. Na nuna mata ɗinkin, na faɗa mata gwangwanin madara, da bokiti, da abin da ke ƙarƙashin baƙin wandon. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Amma ai an rubuta lambarki, Yaya."

Inna ta ji mu daga ƙofa. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan su yarinyar, ta faɗa wa uwarta komai. Uwar ta ce za ta hana ta fita. Ko ta iya hanawa, ban sani ba, yarinyar ba ta sake ɗaga wayata ba.

Shekaranjiya na koma asibiti a duba ni. Kafin likitan ya fara, na ce ina so in amsa tambayar da ya yi mini ranar farko. Na juya katina na zana masa a baya: bakin kasuwa, layin 'yan hatsi, shuɗiyar ƙofa. Ya ce zai kai wa waɗanda aikinsu ne. Sai ya tambayi wa ya kai ni wurin. Na buɗe baki, na ga matar nan durƙushe gaban Baba da ƙafa a miƙe gefe, na gan ta tana cusa auduga a takalmina. Na ce wata 'yar uwa ce. Ya kalle ni, bai matsa ba. Na fito ina jin haushin kaina kamar yadda nake jin nata.

Ya gwada gwiwar kafin in fito, ya ce ta ƙara lanƙwasuwa da kamar faɗin yatsa biyu a kan watan jiya. Ya ce in ci gaba da tanƙwara ta kowace safiya, ko da zafi. Ina yi, a bakin gado, da tawul a tafin ƙafa ina ja. Zafin yana zuwa kullum a wuri ɗaya. In ya zo nakan ce wayyo ƙafata da ƙarfi, har Inna ta ji daga bakin kasko ta amsa mini da sannu.